Amanar Mata Masu Rauni A Wuyan Shugabanni

Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa. Bayan haka, Imamu Buhari ya ruwaito cewa Annabi (SAW) ya yi wa Adiyyu ɗan Hatimu bushara da wani zamani da mace za ta taso daga Hira har ta yi ɗawafi a Ka'aba, ba ta tsoron kowa sai Allah. Darasin da ke ciki shi ne, amincin mace a kan hanya shi ne ma'aunin zaman lafiyar ƙasa.

To, a auna wannan da ƙasar Kura da Bunkure. Tun da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, noman rani ya bunƙasa a wajen. Mata da yawa, cikinsu har da zawarawa da masu riƙon marayu, da tsinkar tumatir da sheƙar shinkafa suke ciyar da gida. Su fita da sassafe, su komo da almuru, da ɗan kuɗin ƙwadago ɗaure a gefen zane. Duk dokar da hukuma ta kafa game da hanya, a kansu take fara sauka.

A 2003 aka kafa Hukumar Hisba ta Jihar Kano, a 2005 kuwa gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta hana 'yan acaɓa ɗaukar mata, ta kawo A Daidaita Sahu. Ƙa'idar ke nan: ba a toshe ƙofa sai an buɗe wata. Amma in hani ya isa ƙauye, madadinsa ya tsaya a birni, an bar mace da tafiyar ƙasa cikin duhu, an kauce wa ɓarna an faɗa wadda ta fi ta.

Haka kuma ɗan sanda ko ɗan Hisba. In mace ta kawo ƙarar wanda ya tare ta a bakin lambu, ko ya hana ta ladan aikinta, aka soma tuhumarta da abin da ya fitar da ita, to ba za ta sake zuwa ba, azzalumi kuwa ya sami sake.

Sayyidina Umaru ya kan yi sintiri da dare a Madina, ya kuwa taɓa saɓa gari a bayansa ya kai wa wata mata da 'ya'yanta ke kukan yunwa. Bai tsawata mata ba, kansa ya tuhuma. Dagaci, hakimi da shugaban ƙaramar hukuma, kowa za a tambaye shi kiwonsa ranar gobe ƙiyama. Allah Shi ne Masani.