Darasi na Tara: Rubutun Talla da Sanarwa Domin Makaranta

Tun kafin a san jarida da rediyo a ƙasar Hausa, akwai sankira, wato mai shela, wanda yakan zaga gari yana isar da saƙon sarki da babbar murya. Ba ya tsawaita magana, domin mutanen da yake yi wa shela suna tsakiyar harkokinsu. Yakan faɗi wanda ya aiko shi, da abin da ake so a yi, da ranar da za a yi, sa'annan ya ƙara gaba. Ku ɗalibai, duk ranar da aka ce ku rubuta sanarwar taron iyaye da malamai, ko tallar ɗaukar sababbin ɗalibai, to aikin sankira aka ba ku, sai dai ku da alƙalami za ku yi naku.

Ku dubi wannan sanarwa:

"Hukumar wannan makaranta mai albarka tana farin cikin sanar da ɗaukacin jama'a cewa, bisa la'akari da muhimmancin ilimi a rayuwar ɗan'adam, za ta gudanar da wani gagarumin biki nan ba da daɗewa ba."

Hausar ba ta da laifi, amma uban da ya karanta bai san ranar ba, bai san wurin ba, bai kuma ga dalilin da zai sa ya rufe shagonsa ya zo ba. Ranar biki sai a tarar da kujeru babu kowa, wahalar da ɗalibai suka sha wajen shiri ta tashi a banza. Yanzu ga wata:

"Iyaye, ku zo ku ji 'ya'yanku suna magana da Hausa! Ranar Asabar mai zuwa, ƙarfe goma na safe, a ɗakin taron makaranta. Akwai wasan kwaikwayo da kacici-kacici. Shiga kyauta ne."

Wannan ta kira mai karatu da sunan da ya dace da shi, ta kuma taɓa abin da yake ƙauna, wato ɗansa. Bayan haka ne ta kawo rana da lokaci da wuri. Ku lura da cewa ba ta yabi makarantar ba ko da kalma ɗaya.

To, daga ina marubuci yake samo hikimar tsara irin wannan magana? Galibi daga kunne take shigowa. Idan kuna Ibadan ku leƙa Sabo, idan kuna Legas ku je Agege, idan kuna Owerri ga Ama Hausa. Ku saurari yadda mai tsire ko mai goro yake kiran masu saye, ku karanta rubutun da ke jikin manyan motocin da ke sauke kaya daga Arewa. Ku riƙe ɗan littafi a aljihu kuna rubuta duk maganar da ta yi muku daɗi, har da karin magana. Wanda ya tara irin wannan guzuri ba ya rasa mafari in an ba shi aiki.

Misali mafi kyau da zan ba ku shi ne sunan jaridar nan da aka fara bugawa a Zariya cikin 1939, wadda Abubakar Imam ya zama editanta na Hausa: Gaskiya Ta Fi Kwabo. Kwabo ɗaya ake sayar da ita a lokacin. Kalmomi huɗu kacal, amma sun faɗi farashi, sun faɗi abin da mai saye zai samu, sun kuma nuna masa cewa shi ne da riba. Haka nan a shekarun 1950, da gwamnatin Jihar Arewa ta tashi koya wa manya karatu da rubutu, sai aka kira shirin Yaƙi da Jahilci. Kalmar yaƙi ita ta ɗauki nauyin saƙon, domin ta mayar da jahilci abokin gāba, ta mayar da mai zuwa aji jarumi. Dattijon da zai ji kunyar a ce ya koma ɗan makaranta ba zai ji kunyar fita yaƙi ba.

Akwai tarko biyu da ke jiran mai koyon Hausa a nan. Na farko shi ne tsara magana da Turanci ko Yarbanci ko Ibo a zuci, sa'annan a juya ta kalma bayan kalma. Abin da ke fitowa ba ya shiga kunnen Bahaushe. Na biyu shi ne ƙa'idar rubutu. Makaranta mace ce a nahawu, saboda haka "makarantarmu tana kira" za ku rubuta, ba "makarantanmu yana kira" ba. Kada kuma ku manta da haruffa masu lanƙwasa: kafa daban, ƙafa daban. Kuskure ɗaya a allon da ke ƙofar makaranta ya isa ya sa mai wucewa ya yi shakkar abin da ake koyarwa a ciki.

Batun gaskiya ya fi waɗannan duka nauyi. Iyaye da guminsu suke biyan kuɗin makaranta. Idan talla ta ce akwai ɗakin gwaje-gwajen kimiyya alhali babu, ko ta ce kowane ɗalibi ya ci jarrabawar WAEC alhali wasu sun faɗi, to an yaudare su, kuma yaran ne za su ɗanɗana kuɗarsu. A Nijeriya akwai hukumar ARCON da ke sa ido kan harkar talla, amma a ganina marubucin kirki ba ya jiran hukuma ta hana shi ƙarya. Idan abin da makarantarku take da shi filin wasa ne da malamai masu zuwa aji a kan lokaci, ku tallata waɗannan.

Aiki: Ƙungiyar Hausa ta makarantarku za ta shirya muhawara. Ku rubuta sanarwar gayyata wadda ba ta wuce kalmomi talatin ba. Kowa ya karanta wa abokinsa tasa da ƙarfi sau ɗaya tak, sa'annan ya tambaye shi rana da lokaci da wuri. Idan abokin ya kāsa amsawa, a sake rubutawa.