Darasi: Kada Mu Ci Irin Shuka

'Yan'uwa manoma na Takur da kewayen Dutse, waɗansunmu suna noma, suna kuma aikin albashi. In damina ta kusa, taki ya yi tsada, sukan tambaya: ko za mu iya cire kuɗin fansho tun muna bakin aiki?

Bisa dokar fansho ta 2014, ma'aikaci yakan ajiye kashi 8 cikin 100 na albashinsa, mai ba shi aiki ya ƙara kashi 10. Ba a taɓa wannan ajiya don taki ko biki. Amma tun 2022, wanda ya yi wata 60 yana zubi zai iya cire har kashi 25, ya ba da kafin alƙalami na bashin sayen gida. Ma'aikatan jihar Jigawa suna da nasu tsari dabam, sai su tambayi ofishinsu.

Kuɗin fansho iri ne a rumbu. Abin da muka cire yau ya daina haihuwa, fanshon tsufa kuwa zai ragu. Don taki, mu nemi adashe ko rancen ƙungiya.

Tambaya don taronmu: Nawa za mu riƙa ajiyewa da kaka, don kada damina ta same mu hannu banza?