Daga Angika zuwa Tamajaq: Makomar Ƙaramin Harshe a Inuwar Babba

Gabatarwa

Wanda ya shiga kasuwar Belbeji ko ta Tanut zai ji Tamajaq a wajen masu raƙuma, Fulatanci a wajen masu shanu da nono, wani lokaci kuma Barbarcin Dagirawa. Amma da zarar ciniki ya haɗa mutum biyu da ba su da harshe ɗaya, sai a koma Hausa. Wannan maƙala ta dubi halin da Tamajaq yake ciki a Damargu, da masu magana da shi, da adabinsa, ta kuma kwatanta shi da harshen Angika na ƙasar Indiya. Manufar ita ce a nuna cewa amincewar hukuma da samun rubutu ba su isa su raya harshe ba, muddin yara ba su tashi da shi a gida ba.

Angika: harshen da ke neman suna

Angika harshe ne na dangin Indo-Ariyan, ana magana da shi a sassan jahohin Bihar da Jharkhand, musamman kewayen birnin Bhagalpur, da kuma kudu maso gabashin Nepal. Sunansa ya fito daga Anga, tsohuwar daular yankin. A babban binciken harsunan Indiya da George Grierson ya jagoranta a zamanin mulkin Ingila, ba a lissafa shi a matsayin harshe mai cin gashin kansa ba. An sa shi cikin kare-karen Maithili da sunan Chhika-chhiki. Tsarin mulkin Indiya ya jera harsuna 22 da yake ba kulawa ta musamman. Maithili ya shiga jerin a 2003, amma Angika bai shiga ba, ko da yake jahar Jharkhand ta sa shi cikin harsunanta na hukuma masu daraja ta biyu a 2018.

Duk da haka harshen yana da adabi. Akwai doguwar waƙar baka ta Bihula da Bishahari, labarin amaryar da maciji ya sari angonta, ta bi kogi da gawarsa tana neman a maido masa da rai. Zanen gargajiya na Manjusha a kan wannan labari aka gina shi. A da ana rubuta Angika da haruffan Kaithi, yanzu kuwa da Devanagari, haruffan da Hindi ke amfani da su. Hindi ne harshen makaranta da ofis da fim, don haka shi ne iyaye da yawa ke ganin zai fisshe ƴaƴansu.

Tamajaq da masu shi

Tamajaq reshe ne na harsunan Berber, waɗanda suke dangi ɗaya da Hausa da Larabci a babban gidan Afro-Asiya. Ana ganin alamar wannan zumunci a kalmomi na asali: iləs da harshe da lisan, isəm da suna da ism, əmmət da mutu da mata. Haka kuma ɗafa-goshin aikatau na namiji y- ko i- ne, na mace kuma t-, daidai da ya da ta na Hausa. Sunan mace yakan zo da t a goshi da ƙeya: amghar dattijo ne, tamghart dattijuwa. Sunan harshen kansa haka aka ƙera shi. Namiji Amajagh ne, jam'i Imajaghan, mace da harshe kuwa Tamajaq, domin sautin gh, wato gainin Larabci, idan ya haɗu da t na ƙarshe sai su narke su zama q. A Mali ana cewa Tamashaq, a kudancin Aljeriya Tamahaq. Sauti ɗaya ne ya rabu uku.

A Nijar akwai manyan kare-kare biyu: Tawallammat a yankin Tawa da Azawak, da Tayart a Abzin da ƙasashen da ke kudu da shi, har da Damargu. Hausawa na kiran mutanen Abzinawa ko Buzaye, harshen kuma Buzanci. Ya kamata mai nazari ya yi hattara da suna na biyu, domin asalinsa yana nuni ne ga rukunin da a da suke bayi a cikin al'ummar. Kamar Chhika-chhiki, suna ne da na waje suka yaɗa.

Zaman Abzinawa da Hausawa a Damargu ya daɗe. Yankin shi ne rumbun geron Abzin, kuma ta nan ayarin gishiri ke ratsawa zuwa Damagaram da Kano. Heinrich Barth ya sauka a Damargu a watan Janairun 1851 tare da ayarin Kel Ewey, kuma ya lura cewa waɗannan mutane sun saba da Hausa kamar yadda suka saba da harshensu. Kawsan, wanda ya jagoranci yaƙi da Faransawa a 1916 da 1917, haifaffen Damargu ne daga ƙabilar Ikazkazan. Cuɗanyar ta bar gurbi a Hausa ma: raƙumi, amale, takobi, tozali da takarda duk ana danganta su da Berber, kamar yadda Maarten Kossmann ya yi nazarin irin waɗannan kalmomi a littafinsa na 2005.

Rubutu da adabi

Abin da Tamajaq ya fi yawancin harsunan yankin da shi shi ne haruffansa na gado, Tifinagh, waɗanda a wasu sassan Nijar ake furta su Shifinagh. Baƙaƙe kawai ake rubutawa, sai wasalin ƙarshen kalma. Da'ira r ce, da'ira mai ɗigo a tsakiya s, gicciye t, sanda ɗaya n, sanduna biyu l. Ba a makaranta ake koyon su ba. Yara kan ɗauke su daga iyaye mata da ƴan'uwa, ana zanawa a kan rairayi. Amfaninsu gajerun saƙonni ne, da suna a kan munduwa ko dutse. Dogon adabi kuwa a ka ake riƙe shi.

Ƙololuwar wannan adabi ita ce tesawit, waƙa mai ma'auni da amsa-amo ɗaya daga farko har ƙarshe, wadda ake tunawa da sunan wanda ya tsara ta. Jigoginta sun haɗa da bege, da yabon raƙumin hawa, da yaƙi, da əsuf, kalmar da ta haɗa ma'anar daji marar kowa da kewar da ke kama matafiyi a cikinsa. Ana rera ta da rakiyar anzad, goge mai tsirkiya ɗaya wanda mata ne ke kaɗa shi, maza na waƙa. UNESCO ta sa wannan kiɗa cikin kayan gadon ɗan'adam a 2013, da sunan Aljeriya da Mali da Nijar. Akwai kuma tende, turmin daka da ake rufe bakinsa da fatar akuya, mata na waƙa da tafi, mahaya na kewaye su. A fannin zube akwai labaran Aniguran, gwanin hikima wanda al'ada ta ce shi ya ƙago Tifinagh, da gasar wayo tsakaninsa da ɗan ƴar'uwarsa.

An tattara wani kaso na wannan dukiya. Ghoubeïd Alojaly ya wallafa ƙamus a 1980. Shi da Karl Prasse da Ghabdouane Mohamed suka fitar da babban ƙamusun Tamajaq na Nijar mai juzu'i biyu a 2003. Moussa Albaka da Dominique Casajus sun wallafa waƙoƙin Abzin a 1992. Mawaƙi Hawad yana rubutu da Tifinagh da ya ƙara wa wasula, masu jita irin su Abdallah ag Oumbadougou da Bombino kuma sun kai harshen dandalin duniya. Sai dai waɗannan sanannun ayyuka sun fi karkata ga Abzin da Azawak. Mai neman muryar Damargu sai ya je ga dattawanta.

Inda kwatancin ya tsaya

Abin da masu Angika ke fafutukar samu, Tamajaq ya riga ya samu.  An daidaita ƙa'idar rubuta shi da boko a 1999, dokar 2001 ta sa shi cikin harsunan ƙasa goma, yana kuma cikin waɗanda aka gwada koyarwa da su a makarantun gwaji, shirin da aka fara da Hausa a Damagaram a 1973. Amma matsin da yake fuskanta iri ɗaya ne da na Angika. Farin 1973 da na 1984 sun halaka dabbobi, suka tilasta wa iyalai da yawa zama a garuruwa da ƙauyukan manoma. A can kasuwa da wa'azi da rediyo da fim da wasan dandali duk da Hausa ake yin su.

Sauyin harshe yakan ɗauki zuriya uku. Kaka tana magana da Tamajaq, Hausarta ta ciniki ce. Ɗiyarta ta iya duka biyun. Jika yana ji, amma da Hausa yake amsawa, kuma ba zai iya ba nasa ƴaƴan abin da bai riƙe ba. Shi ya sa Joshua Fishman a 1991, da kwamitin masana na UNESCO a 2003, suka sa miƙa harshe daga iyaye zuwa yara a gaba wajen auna lafiyarsa. Abin da ke fara zubewa shi ne ƙamusun adabi: sunayen launin raƙuma, da na taurari, da na rijiyoyi, waɗanda sai da su ake gane tesawit.

A nan akwai abin da ya shafi masu nazarin Hausa kai tsaye. An saba kallon Hausa a matsayin harshen da Faransanci ya danne. Kundin sake gina ƙasa na watan Maris 2025 ya ayyana ta harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi suka zama harsunan aiki. Wannan ci gaba ne, amma laifi tudu ne, mutum kan taka nasa ya hango na wani. A Damargu Hausa ce ke tsaye inda Hindi ke tsaye a Bhagalpur. Ba da mugun nufi ba, amfani ne ke jan mutane gare ta, sai dai sakamakon ɗaya ne ga harshen da ake bari.

Kammalawa

Aikin da ke gaban ɗalibai a bayyane yake, kuma bai buƙatar kuɗi mai yawa. Na farko, binciken walwalar harshe a gundumomin Belbeji da Tanut: wa ke magana da wane harshe, da wa, a ina, musamman tsakanin uwa da ɗa. Na biyu, naɗar waƙoƙi da tatsuniyoyi daga bakin dattawa da yardarsu, tare da sunan mawaƙi da wuri da rana, a rubuta su da ƙa'idar 1999, a fassara zuwa Hausa, a kuma mayar wa masu su da kwafi. Na uku, kwatanta Tayart ɗin Damargu da na Agadas, domin a ga abin da zama da Hausa da Barbarci ya sauya a sauti da kalmomi. Barth ya tarar da mutanen da suka riƙe harsuna biyu ba tare da sun saki nasu ba. Ko jikokin makiyayan kwarin Tarka za su ci gaba da haka, wannan ya dogara ne ga harshen da ake yi wa yaro tatsuniya da shi bayan sallar isha'i.