Yadda Ake Gane Safayar Mambila da Ƙiyasta Darajarta

Safaya, shuɗin dutsen da ake haƙowa a tsaunin Mambila na jihar Taraba da yankin Nisama na kudancin Kaduna, tana da sauƙin kwaikwayo. Tun farkon ƙarni na 20 ake haɗa irinta a masana'anta, kuma 'yan damfara sukan farfasa ta jabun, su shafa mata laka ta yi kamar yanzu aka tono ta.

Da farko ka wanke dutsen, ka duba siffarsa. Safaya takan fito da gefe shida, cikinta ya ɗan fi bakinta kauri. Sai ka juya ta a hasken rana: ta wani ɓangaren shuɗi sak, ta wani kuma shuɗi mai ratsin kore. Kwalba da dutsen sifinel, masu kama da ita, ba sa sauya launi haka.

Sannan nauyi. Auna dutsen a ƙaramin sikeli. Ɗora kofin ruwa a sikelin, ka mayar da shi sifili, ka ɗaura dutsen da zare ka nutsar da shi ba tare da ya taɓa gindin kofin ba, ka karanta nauyin da sikelin ya nuna. Raba nauyin farko da na biyu. Safaya tana ba da kusan 4.0, sifinel 3.6, kwalba wajen 2.5. Gwajin karta kuwa, ka bar shi. Taurinta 9 ne a ma'aunin Mohs, amma karta na iya ɓata dutsen da mai tarawa zai saya don kyansa.

Ta masana'anta za ta tsallake waɗannan gwaje-gwajen, domin sinadarinta ɗaya ne da na ta ƙasa. A nan tabarau mai ƙara girman abu sau 10 yake aiki. Layukan launi lanƙwasassu da ƙananan kumfa alamar haɗi ce. Ta ƙasa layukanta miƙaƙƙu ne masu kusurwa, wani lokaci da siraran allurai a ciki.

Wajen kuɗi, launi ne gaba. Shuɗi mai haske ya fi mai duhun da ya kusa zama baƙi nesa ba kusa ba. Sai tsabta, sai nauyi: karat 5 ne giram 1, kuma farashin kowane karat yana hawa idan dutsen ya girma. Wadda ba a gasa ta da wuta ba ta fi tsada, amma ido ba ya tabbatar da haka. Idan dutsen babba ne, kada ka yanke farashi sai ɗakin gwaji irin GIA ya ba ka takarda.