Yadda Mai Lambu Zai Gina Ɗakin Ajiyar Kayan Aikinsa

Masu lambu da yawa suna hasarar dukiya ba tare da sun lura ba. Fartanya da garma sukan kwana cikin raɓa su yi tsatsa, takin zamani ya sha danshi ya dunƙule, maganin ƙwari kuwa a ajiye shi a ɗakin kwana inda hannun yara ke kaiwa. Ƙaramin ɗakin ajiya a gefen lambu shi ne maganin wannan duka, kuma magidanci da iyalinsa suna iya gina shi da rani, kafin ruwa ya sauka.

Abokan gaban irin wannan ɗaki biyu ne, wato ruwa da gara. Tun ran gini ran zane, saboda haka tun daga harsashi ake tsare su.

1. Wuri. A zaɓi tudu inda ruwa ba ya kwanciya, nesa da rijiya da suri. Ɗaki mai tsawon mita 3 da faɗin mita 2 ya ishi ƙaramin lambu. Mazauna birni su nemi izinin hukumar tsara gari kafin su fara.

2. Harsashi da daɓe. A haƙa harsashi har a tarar da ƙasa mai ƙarfi, a cika shi da dutse ko bulon siminti. A ɗaga daɓe kamar santimita 15 bisa ƙasa. Daga nan bangon tubali ya wadatar, muddin an yi masa yaɓe.

3. Rufi. Azarar giginya tana jure gara. Sauran katako kuwa sai an shafa masa magani. A ba kwano gangara, bakinsa ya zarce bango da rabin mita. A Arewa hadari ya fi tasowa daga gabas, don haka kada ƙofa ta fuskanci can. A bar taga mai waya domin iska.

4. Shirya kaya. A ɗora buhunan taki bisa katako, kada su taɓa daɓe ko bango. Maganin ƙwari ya zauna cikin kwalbarsa ta asali, a akwati mai kwado, nesa da iri da abinci. Kada a kwana a ɗakin.

Mai neman ƙarin bayani ya tuntuɓi malamin gona na yankinsa.