Yadda Za Ka Ƙara Wa Bargonka Ɗumi Da Kanka, Da Taimakon Wayarka

Darasinmu na yau ya ɗan kauce wa waya da kwamfuta da muka saba, amma ku yi haƙuri ku bi mu, domin wayar ce za ta yi mana rabin aikin.

Wani matashi daga Mandera, a yankin Shagari ta jihar Sakkwato, shi ne ya turo mana tambayar. Yana cikin masu kwana a gona lokacin noman rani suna gadin albasa da injin ban ruwa. Ya ce ya ga bidiyo a YouTube inda wani Bature ya farke bargon da yake kwana da shi a daji cikin gadon raga, irin wanda ake ratayewa tsakanin bishiyoyi biyu, ya ɗura masa gashin agwagwa ya mayar ya ɗinke. Tambayarsa ita ce: shi da ba ya da wannan gashi, zai iya yi wa nasa bargon haka? Amsar ita ce e, zai iya. Sai dai akwai lissafi a ciki, kuma akwai inda in aka yi kuskure za a ɓata bargon a banza.

Me ya sa bargo yake ɗumama mutum?

Bargo ba ya samar da zafi ko kaɗan. Jikinka ne injin. Baligi yana barci jikinsa kan fitar da zafi da ya kai kimanin wat 80, wato kusan irin na tsohon ƙwan lantarki mai zafin nan. Aikin bargo kawai shi ne ya hana wannan zafin gudu, kuma abin da yake yin aikin ba audugar ba ce, iskar da ta maƙale a tsakanin zaruruwanta ce. Iska in ba ta motsi, zafi ba ya ratsa ta da sauƙi. Ruwa kuwa ya fi ta saurin ɗauke zafi sama da sau 20, shi ya sa bargon da ya jiƙe da raɓa ko gumi bai da maraba da babu.

Saboda haka abin da muke nema shi ne kauri, ba nauyi ba. Bargon da ya kumbura ya yi santimita 4 ya fi wanda ya danƙare a santimita 1 ɗumi, ko da na biyun ya fi nauyi a hannu. Mutane da yawa a kasuwa suna ɗaga bargo su ji nauyinsa kafin su saya. Wannan awon ba ya faɗin gaskiya.

Wani zai ce Sakkwato da aka sani da zafi, wane sanyi kuma? Wanda ya taɓa kwana a fadama cikin Disamba ko Janairu ba zai yi wannan tambayar ba. Da hunturu, akwai dararen da ma'aunin yanayi kan sauka ƙasa da digiri 15 a wannan yanki, musamman gab da asuba. Kuma lambar da manhajar yanayi ta wayarka ke nunawa, ko hasashen hukumar NiMet, galibi na birnin Sakkwato ne. Gonar da ke cikin kwari a Boɗinga ko bakin madatsar ruwa ta Shagari takan fi haka sanyi, domin iska mai sanyi ta fi nauyi, gangarowa take yi ta taru a ƙasa-ƙasa. Ga kuma fili babu rufi, zafin jiki da na ƙasa na tashi sama kai tsaye, ga iskar arewa na kaɗawa. Don haka in manhaja ta ce 15, ka yi shiri kamar za a yi ƙasa da haka.

Abin da za a ɗura

Gashin da Baturen nan ya yi amfani da shi ba fiffike ba ne. Lallausan gashi ne da ke ƙarƙashin na waje a ƙirjin agwagwa da dinya, ba ya da ƙashi a tsakiya, kuma mafi yawan wanda ake sayarwa a duniya daga ƙasar Sin yake fitowa. Ana auna ingancinsa da ƙarfin kumburarsa. In ka ga lamba kamar 650 ko 800 a jikin rigar sanyi ko bargo, wani lokaci da haruffan FP, ma'anarta gram 28 na gashin zai kumbura ya cika wuri mai girman kaza. Mai lamba 800 yana cika kimanin lita 13, mai 650 kuma kusan lita 10 da rabi. A nan gida hanyar samunsa mafi sauƙi ita ce gwanjo: tsohuwar rigar sanyi da ta yage ko zif ɗinta ya mutu, wadda za a bar maka da arha. Ka duba ƙyallen da ke ɗinke a cikinta, in rubutun ba ka gane shi ba ka haska shi da Google Lens ya fassara maka. Kada ka ce za ka tara gashin kaza daga wajen masu figa. Yana da ƙashi da zai huda yadin, yana wari, kuma ba ya kumbura.

Amma ni a ganina ba sai an kai ga gwanjo ba, muna da namu. Audugar rimi, wadda iyayenmu suka daɗe suna cusa wa katifa da matashin kai, ita ce mafi kusa da wancan gashi a cikin abin da ke hannunmu. Kowane silin zarenta rami ne da shi a ciki mai cike da iska, bayansa kuma akwai wani maiƙo kamar kakin zuma da ke hana ruwa kama shi. Saboda wannan ne ma aka riƙa cusa ta a rigunan ceton masu jirgin ruwa, har zuwa lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, kafin a koma soso na roba. Tana da illa biyu. Da daɗewa takan karairaye ta zama gari, sai an ƙara wata. Ta biyun ta fi muni: wuta take kamawa kamar fetur. Za mu dawo kan wannan.

Sai audugar gona, wadda ta fi sauƙin samu amma ta fi nauyi, tana shan ruwa, tana saurin danƙarewa. Sai faiba, audugar roba da ake zuba wa filo, wadda ake iya wankewa ta bushe da wuri. In bargon zai riƙa shan raɓa ana wanke shi akai-akai, faiba ta fi. In ɗumi da rashin nauyi kake so, rimi.

Inda waya ta shigo

Da dare ka kunna tocilar wayarka, ka sa wani ya riƙe ta a bayan bargon, kai ka tsaya ta gaba. Duk inda haske ya ɓullo sosai, nan ne cikin ya zama fayau, ta nan sanyi ke shiga. Ka sa alama da alli. Sau da yawa za ka tarar audugar ba ƙarewa ta yi ba, taruwa ta yi a gefe ɗaya ta dunƙule. Irin wannan a shanya shi a rana, a bubbuga da sanda, a warware dunƙulen da hannu, sai a sake haskawa. Wani bargon iyakar abin da yake buƙata ke nan, ba sai an kashe ko kwabo ba.

In kuwa lallai sai an ƙara, ɗauko tef ɗin tela ka buɗe kalkuleta. Mu ɗauka bargon tsawonsa santimita 200 ne, faɗinsa 140, kana so ya ƙara kaurin santimita 2. Ka buga 200 sau 140 sau 2, zai ba ka 56,000. Raba da 1,000, ka sami lita 56. Wannan shi ne girman wurin da za ka cike. Da gashi mai lamba 800, gram 120 da 'yan kai sun isa. Da mai 650, kusan gram 150.

Audugar rimi ba ta zuwa da lamba a jiki, kai za ka auna taka. Nemi ƙaramin sikeli na dijital, irin na masu yin kek ko masu sayar da kayan ƙamshi. Ɗora ƙaramar robar fenti mai cin lita 4, ka danna maɓallin da ke mayar da awo sifili, sannan ka warware audugar ka zuba har baki ba tare da dannawa ba. A ce ta nuna gram 40. Ke nan kowace lita na cin gram 10, lita 56 kuma gram 560. Wannan misali ne kawai, taka za ta iya fin haka ko ta gaza. In bargon layuka 10 aka ɗinka masa, kowane layi zai ci gram 56. Ka ɗora kashi 10 cikin 100 a kai saboda kwanciyar da za ta yi nan gaba, ya zama kimanin gram 62. Manhajojin nan da ke cewa za su mayar da fuskar waya sikeli, rabu da su, wasa ne.

Kafin ka farke, duba yadda aka ɗinka bargon, domin nan ne mutane ke yin asara. Yawancin barguna da ke kasuwa an haɗe yadin sama da na ƙasa ne da ɗinki ɗaya. In layukan matsattsu ne, duk abin da ka cusa ba zai sami wurin kumbura ba, sai dai layin ya yi tauri kamar gora, bargon ya ƙanƙance, sanyi kuma ya ci gaba da bi ta kan ɗinkin inda babu auduga ko kaɗan. Ka kama yadin sama da yatsu biyu ka ɗaga. In ya ɗagu da sauƙi akwai wuri. In bai ɗagu ba, kada ka ɗura komai. Gara ka sa tela ya ɗinka wani siririn bargo a ɗora a kai, a karkata layukansa yadda ɗinkin sama ba zai faɗo daidai kan na ƙasa ba. Barguna masu tsada na masu kwana a daji suna da ɗan ƙyalle a tsaye tsakanin sama da ƙasa, kamar katanga, shi ya sa nasu ke karɓar ƙari.

Aikin kansa ba wuya. Tsince 'ya'yan da ke cikin audugar tas, domin ɓeraye na binsu, ka shanya ta ta bushe sarai. Auna rabon kowane layi ka ƙulle a leda daban. Shiga ɗaki ka rufe taga, ka kashe fanka, ka sa takunkumi. Mai asma ya bar wa wani wannan aikin. Farke ɗinkin bakin layi kamar faɗin yatsu huɗu, da tsinin reza, zare kawai za ka yanke ba yadin ba. Yanke gindin gorar ruwa ko ka sami guntun bututun roba, ka zura a ramin, ka riƙa tura audugar kaɗan-kaɗan da sanda mara tsini. Gama layi ɗaya ka ɗinke shi da ƙananan ɗinki kafin ka buɗe na gaba. In ka buɗe duka a lokaci guda, ɗakin ne zai sha audugar. Bayan nan shimfiɗa bargon ka bubbuga da tafin hannu har ta bazu, ka sake haskawa da tocila. Ka ɗinka masa riga da za a riƙa cirewa ana wankewa, tunda rimi ba ta son yawan jiƙo.

Ƙarƙashinka fa?

Wannan shi ne abin da bidiyon ba lallai ya bayyana ba. Duk abin da ka kwanta a kai, nauyinka ya matse iskar cikinsa, ya daina aiki. Masu kwana a gadon raga sun san haka, shi ya sa suke rataya bargo na biyu ta ƙasan ragar, daga waje, inda jiki ba zai danne shi ba. Mai kwana a gadon kara ko kan benci matsalarsu ɗaya, iska na wucewa ta ƙasa tana kwashe zafin bayansa. Mai tabarma kuma ƙasa ce ke zuƙe shi. Kwali ninki biyu ko uku, ko buhu da aka cika da busasshiyar ciyawa, a ƙarƙashin tabarma, zai iya yi maka abin da ƙarin rabin kilo na auduga a sama ba zai yi ba. Ka sa hula, ka kafa zana ko buhu ta ɓangaren da iska ke fitowa.

Sai maganar wuta da muka ajiye. Bargon rimi ba ya kusantar wutar jin ɗumi, ko garwashi, ko maganin sauro mai hayaƙi, ko sigari. Tartsatsi ɗaya ya isa. Haka nan kada ka jona waya da fawa bank ka cusa su cikin bargon ka yi barci. Bargon da ya iya riƙe zafin jikinka zai riƙe na batirin ma, kuma kamfanin Apple da kansa ya ce a yi amfani da iPhone ne tsakanin digiri 0 zuwa 35. Sanyin hunturunmu bai kai wanda zai lalata batir ba, zafin caji a rufe shi ne abin tsoro, balle in caja ko batirin na bogi ne. Ka yi cajinka a waje a kan kwali, in ya gama ka cire igiyar sannan ka sa wayar a aljihu.