Kalmar “Wuta” da Ma'aunanta Huɗu: Lissafin Turjiya da Ƙarfin Lantarki Bisa Misalai Daga Kakuri da Makera

1.0 Gabatarwa

Unguwannin Kakuri da Makera, a kudu da Kogin Kaduna, sun tashi ne a jikin masana'antu. A nan masaƙar KTL ta fara aiki a 1957, wasu masaƙu suka biyo baya, sannan kamfanin harhaɗa motocin Peugeot ya zo a 1975. Masaƙun sun durƙushe, amma masu walda da masu naɗin waya da masu injin niƙa suna nan, kuma Hausa na cikin manyan harsunan cinikinsu. A bakinsu kalmar “wuta” ɗaya ce ke ɗaukar abubuwa huɗu da kimiyya ta rarrabe. Wannan maƙala ta ba kowannensu suna, ta kuma nuna ta hanyar lissafi cewa cakuɗa su na jawo asarar dukiya.

2.0 Ma'aunan da Dangantakarsu

Wanda ya san tankin ruwa da tiyo ya sami rabin darasin. Tsayin tanki ke ba ruwa matsi, to haka “matsin lantarki” yake, ana auna shi da bolt (V). Yawan ruwan da ke wucewa a daƙiƙa shi ne kwatancin “kwarara”, ma'auninta amfiya (I). Ƙuncin tiyo, wanda ke hana ruwa sakewa, shi ne “turjiya”, ma'auninta om (R). An zaɓi turjiya a kan “juriya” da wasu ke amfani da ita, domin mai juriya haƙuri yake yi, mai turjiya kuwa ƙin tafiya yake yi, kuma abin da waya ke yi wa lantarki ke nan. Na huɗu shi ne “ƙarfin aiki”, wato yawan makamashin da na'ura ke ci a daƙiƙa, ana auna shi da wat (P).

Bajamushe Georg Ohm ya wallafa dokarsa a 1827: matsi daidai yake da kwarara sau turjiya, V = I × R. Don haka turjiya ita ce matsi a raba da kwarara, R = V ÷ I. Ƙarfin aiki kuwa matsi ne sau kwarara, P = V × I.

3.0 Dutsen Guga da “Lokaran”

Matsin da aka ƙayyade wa gidaje a Nijeriya bolt 230 ne. A ɗauki dutsen gugar tela mai wat 1,000. Kwararar da yake ja ita ce 1,000 ÷ 230, kimanin amfiya 4.35. Turjiyarsa kuma 230 ÷ 4.35, kimanin om 52.9, kuma ba ta sauyawa sosai ko matsi ya sauya.

A ƙaddara da magariba, lokacin da kowa ya kunna kayansa, matsi ya sauka zuwa bolt 160. Kwarara za ta koma 160 ÷ 52.9, wato amfiya 3.02, ƙarfin aiki kuma 160 × 3.02, kimanin wat 484. Matsi ya ragu da kashi 30 cikin ɗari kawai, amma zafin dutsen bai kai rabi ba, domin raguwar ta shiga lissafin sau biyu: ta matsi, da ta kwararar da matsin ke turawa.

Jama'a na kiran wannan yanayi “lokaran”, kalmar aro daga Ingilishi mai ma'anar ƙarancin kwarara. Ga dutsen guga sunan bai yi ƙarya ba. Ga injin niƙa da firji da injin jan ruwa kuwa ya juya gaskiya. Mota mai juyawa da lantarki tana ƙoƙarin ɗaukar nauyin da aka ɗora mata ko matsi ya faɗi, sai ta rama giɓin da ƙarin kwarara. Zafin da ke taruwa a naɗin wayarta kuma yana bin P = I × I × R, don haka kwarara in ta ninku, zafi ya ninku huɗu. Mai injin da ya ɗauka wutar ba ta da ƙarfin yin ɓarna zai bar shi a kunne, washegari ya kai shi wurin mai naɗi. Da “matsi ya faɗi” ake cewa, da an fi kusa da abin da ke faruwa. (Ga irin waɗannan injina, V × I na ba da adadin da ya ɗara ainihin wat ɗin da suke ci, amma lissafin zafin waya yana nan daram.)

4.0 Turjiyar Waya

Wayar kanta tana turjiya. Mita ɗaya ta jan ƙarfe mai kaurin murabba'in milimita ɗaya tana da kimanin om 0.0172. A ce mai walda ya jawo wuta daga nisan mita 50 da waya mai kaurin 1.5. Zuwa da dawowa mita 100 ke nan, turjiya ta zama 0.0172 × 100 ÷ 1.5, kimanin om 1.15. Injinsa in ya ja amfiya 30, bolt 34.5 sun salwanta a hanya, kuma wat 1,035 na zama zafi a cikin wayar, daidai da dutsen guga guda da aka miƙar a kan rufin shaguna. Da waya mai kaurin 6 ya saya, turjiya za ta sauka zuwa om 0.29, asarar matsi ta tsaya wajen bolt 9, zafin kuma wajen wat 260. Maƙwabcin da ya jona daga bakin siririyar wayar zai ga ƙwansa na dusashewa duk sanda aka ɗora sandar walda a kan ƙarfe, shi ma “lokaran” zai ce, alhali kwararar da ke cikin wayar ce ta yi yawa.